Bakwai Tafiya, Uku Dawowa

Ku 'ya'yana, da jikokina da suka iya karatu, akwai wani suna da kuka tashi kuka ji ana kiran wani mutumin Kalgo da shi. Har yau in an ga jikansa a tasha, akwai masu cewa ga jikan Bakwai-da-Uku nan. Kun sha yin dariyar sunan a gabana, ban taɓa hana ku ba. To, ni na raɗa masa shi, a zauren gidan nan na Gwandu, kuma ina so ku ji yadda aka yi daga bakina tun ina da hankalina, domin abin da kuka sani rabin magana ne, rabin ma wanda ni na zaɓa na bari aka sani.

A lokacin ina cikin ƙarfina, ina fataucin fata da ƙirgi. Ba a yanke mana jihar Kebbi ba tukuna, komai namu Sakkwato ake kai shi. Ina bin kasuwannin Masama da Maruda da Dodoru ina tara fatun awaki da tumaki, ranar kasuwar Kalgo in sayi ƙirgin shanu, in sun taru in cika mota. Ba wanda ya ba ni jari, ba wanda ya koya mini. Da fata uku na fara, kuma abin da ya tsayar da ni da ƙafafuna abu ɗaya ne: ba na yarda da abin da aka nuna mini. Kowace fata sai na ɗaga ta na duba ta da hasken rana, saboda mahauci ya iya liƙe hudar wuƙa da kitse. Mutum ma haka nake masa. In ya ba ni labari yau, sai in ajiye, bayan kwana biyu in sake tambayarsa ta wata hanya kamar na manta. Mai gaskiya abu ɗaya zai maimaita. Mai ƙarya sai ya ƙara gishiri, ko ya rage. Wannan dabara ta tsirar da ni sau da yawa, har na ɗauka ba ta kuskure.

Kakanku, Malam Sanda, ya bar gidan nan ina ɗan shekara shida ko bakwai. Ya tafi Makka da ƙafa, yadda mutanen da suke yi, ta Borno, ta Cadi, ta Sudan. Ya ce shekara uku zai yi. Abin da na riƙe nasa kaɗan ne: dogon wuya, da tabon ƙuna a bayan hannu, da yadda yake gyaran murya kafin ya shigo gida. Shekara uku ta wuce, goma ta wuce, talatin ta wuce. Inna, kakarku Hajo, ba ta yarda an kai maganar gaban alƙali an raba auren ba. 'Yan'uwanta na Kalgo sun yi ta fama da ita tun tana da ƙuruciya, ta ce ita matar aure ce, mijinta tafiya ya yi. Ba ta faɗin sunansa, Malam take cewa. Ni ma ba ta faɗin nawa, da yake ni ne ɗan fari. Na-Malam take kirana.

Ku sani, kafin wannan shekara mutum biyu sun taɓa zuwa mana da labarinsa. Na farko ya ce ya gan shi a Sudan yana aikin gonar auduga, ya kwana huɗu a zaurenmu yana cin tuwon Inna, ya tafi da tunkiyarta wai zai kai masa kuɗinta. Na biyu ya ce a Madina ya gan shi, na tambaye shi wane hannu ne ke da tabo, ya ce ai Malam kullum hannunsa cikin riga yake. Na raka shi har bakin hanya da kaina. Tun daga nan na sa a raina, duk wanda ya sake shigowa gidan nan da sunan ubana a bakinsa, sai na ɗaga shi na duba shi da rana.

Sai ga Buhari.

Buhari dillalin shanu ne a kasuwar Kalgo, ya girme ni da 'yan shekaru. Mutum ne mai zaƙin baki, wanda zai tsaya gaban saniya mai ƙirga haƙarƙari ya yi ta yabonta har mai saye ya ji kunyar tayawa da arha. Sana'arsa ke nan, ban ga laifinsa ba, amma na san da harshe yake ci. A shekarar ne wani mai shanu da yake wa dillanci ya biya masa kujerar Makka. Bai fi kwana biyar da dawowa ba, mutane ma ba su gama zuwa yi masa barka ba, sai ga shi a ƙofar gidanmu da hantsi, cikin farar jallabiya, da haƙorin Makka yana ƙyalli. Ya ce ba wurina ya zo ba, wurin tsohuwa ya zo. Uwarku A'i ta shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, Inna ta fito, ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya ce,

"Inna, na ga Malam. Shina nan da rai."

Inna ta sa hannu ta dafa ƙasa.

Ya ce a Makka ne, a wata unguwa da Hausawa suka yi yawa. Ya tsaya shan shayi, yana ciniki da mai shayin, sai wani tsoho da ke zaune a kan benci ya ce masa, wannan harshe na ƙasar Gwandu ne, kai ɗan wane gida ne? Ya ce tsohon ya shekara ashirin da wani abu a Sudan kafin ya samu ya tsallaka, kuma kunyar dawowa hannu wofi ce ta rufe masa baki duk shekarun nan. Yanzu idonsa ya kusa tafiya, ƙafa ma ta ƙi. Yana kwana a wani ɗan ɗaki bayan shagon wani tela mai suna Isiyaku. Ba zai iya hawa jirgi ba, ba shi ma da takardar da zai fita da ita. Abin da yake roƙo ɗaya ne, in hajjin baɗi ya zo, ɗansa ya kawo masa Hajo su gana.

Na ce, "Alhaji, ina wasiƙa?"

Ya ce, "Mutumin da bai gani, da mi zai rubuta?"

"Telan fa? Shi ma makaho ne?"

"Umaru, a tsaye munka yi maganar nan, motarmu na jira. Amma ya ba ni magana in kawo." Ya juya wajen Inna. "Ya ce in gaya miki, randar da ta fashe ran da zai tafi, ya san ba akuya ta fasa ta ba. Ya ce ya gani, ya yi shiru."

Ban taɓa ganin Inna ta yi irin wannan dariyar ba. Dariya take, hawaye na zuba, tana rufe baki da gefen zane kamar yarinya. Ta ce ita ta jefar da randar don haushin tafiyarsa, da ya shigo ya tambaya ta ɗora wa akuya. Ta ce ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ko uwar da ta haife ta.

Ni kuwa ina zaune ina kallon Buhari. Inna 'yar Kalgo ce, matar Buhari kuma jikar ƙawarta ce. Tsohuwa da ta shekara talatin tana zancen mutum ɗaya, wane labari ne ba ta ba mata ba a gidan suna ko gidan biki, ta manta ta bayar? Da ya buɗe jakarsa ya fito da tasbaha da kwalbar turare, na san irinsu, a kasuwar Sakkwato ana sayar da su tuli. Abin da ya ƙara tsayar mini da kunne shi ne da zai tashi ya ce, in mun shirya, akwai wani mutum da ya sani a Sakkwato mai taimakawa da takardu, shi zai kai mu. Na ce a raina, yawwa, ga inda aka nufa.

Na raka shi waje, muna tafe ina yi masa tambayoyin da kowa ke yi wa sabon alhaji, yaya zafi, yaya cunkoso, yaya jirgi. Na ce, tafiyar da ubana ya yi shekaru yana yi, ku cikin awa nawa kuka yi ta?

Ya ce, "Kai dai bari. Ƙarfe bakwai na safe munka tashi Sakkwato, na duba agogon filin jirgi da idona. Da munka sauka Jidda, babban agogonsu na bango na cewa ƙarfe biyu. An yi azahar an watse."

Na ce awa bakwai ke nan. Ya ce haka ne. Na ajiye wannan.

Ranar kasuwar Kalgo na same shi a kara, inda ake cinikin shanu, mutane sun kewaye shi yana ba da labari. Na bari suka ragu, na kawo zancen dawowa, yadda iyali ke zuwa tarbar alhazai su yi ta jira. Ya ce su kam ba a jira su ba.

"Bakwai na safe munka bar Jidda, ƙarfe goma muna Sakkwato. Ko walaha ba ta yi sosai ba. Har na samu kokon safe a bakin filin jirgi."

Na ce, "Goma?"

Ya ce, "Goma, ko da 'yan mintuna."

Na yi masa sallama na tafi, ina jin irin abin da nake ji in na gano huda a fatar da aka rantse mini lafiyarta ƙalau. Bakwai zuwa biyu awa bakwai. Bakwai zuwa goma awa uku. Ni mai bin hanya ne. Daga Gwandu zuwa Kalgo, daga Kalgo zuwa Gwandu, tsawon ɗaya ne. Mota na iya ɓaci, ruwa na iya cin hanya, a samu bambancin rabin awa. Amma a ce tafiya bakwai, dawowa uku, a sama, inda ba rami ba gada ba 'yan sanda? Har na fara tunanin ko bai je ba ma sam, ko a Sakkwato ya ɓuya wata guda ya sa haƙori. Don in tabbatar, na je wurin wani dattijo a unguwarmu da ya yi hajji sau biyu. Ya ce shi dai tun da jirgi ya ɗaga ya rufe ido yana salati, amma ya ji ma'aikatan na cewa kamar awa biyar ne. Biyar. Ba bakwai ba, ba uku ba. Na ce shi ke nan, ƙarya biyu ya yi, ba ɗaya ba. Akwai malamin makarantar boko da ke haya a bayan gidanmu, wanda da na tambaye shi da ya warware mini cikin minti ɗaya. Ban tambaye shi ba. Na riga na samu amsar da nake so.

Na aika wa Buhari cewa ya zo mu yi maganar takardu. Ya zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na kuma tara mutane a zaure, maƙwabta da abokan fatauci, kusan goma. Inna da A'i suna bayan ƙofa suna ji. Na sa shi ya maimaita tafiya, ya maimaita. Na sa shi ya maimaita dawowa, ya maimaita, bai canza ko minti ɗaya ba. Da ina da hankalin da nake taƙama da shi, da wannan kaɗai ya tsayar da ni.

Na ce, "Jama'a kun ji. Bakwai tafiya, uku dawowa. Alhaji, gangara ce daga Jidda zuwa Sakkwato?"

Zauren ya fashe da dariya. Wani ya ce wataƙila jirgin ma ya ƙosa ya ga iyalinsa. Wani ya ce ai zunubi aka sauke a can, shi ya sa ya yi sauƙi.

Buhari ya ce, "Wallahi abin da na gani na faɗa. Ban san yadda anka yi ba, amma haka agogo ya nuna."

"Wane agogo? Na kasuwar Sakkwato, inda ka sayo tasbaha?"

"Umaru, ka ji tsoron Allah. Ni mi zan samu?"

"Abin da na farko ya samu, da abin da na biyu ya nema. Wanda bai san tsawon hanyar da ya bi ba, shi zai san ubana? Tashi, Alhaji Bakwai-da-Uku. Ka gai da mutuminka na takardu."

Ya tashi, ya sa takalmansa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce,

"Ni ka kira ni abin da kake so. Amma tsohon nan shina ƙirga kwanaki."

Da mutane suka watse na shiga gida ina jin na yi aiki. Inna na zaune a ƙofar ɗakinta.

Ta ce, "Na-Malam, ni ban san awa ba. Ban san jirgi ba. Randa na sani."

Na ce, "Inna, kin taɓa gaya wa wani, kin manta ne."

"Abin kunyata zan manta na faɗa?"

Na ce mata ba inda za mu. Ta ce za ta sayar da awakinta da 'yan kunnenta, ni dai in raka ta, tunda ba a barin mace ta tafi ba muharrami. Na ce ko kujerar kyauta aka ba mu, ba zan bi maganar dillali in kai tsohuwa wata ƙasa ta yi ta yawo tana tambayar shagon tela ba. A'i ta same ni a ɗaki ta ce, Maigida, in ma ƙarya ce, ai hajji kuka yi, me kuka rasa? Na ce mata ta tsaya a kan tukunyarta. Gaskiyar A'i ce, kuma na sani tun a lokacin. Ina da halin zuwa. Abin da ya hana ni shi ne in na je, na nuna wa mutum goman nan cewa ban tabbata ba. Kuma akwai wani abu can ƙasa da ban gaya wa kowa ba sai yau: ban yafe wa mutumin da ya bar ni da uwata muna cin dusa ba. In ƙarya ce, na huta. In gaskiya ce, sai na durƙusa gabansa.

Tun daga ranar Inna ta daina ce mini Na-Malam. Mai fata take cewa, yadda kowa a kasuwa ke cewa. Sunan da na raɗa wa Buhari kuwa ya riga shi isa Kalgo. A kara, in ya yabi saniya sai a ce, a bakwai ka gan ta ko a uku? Dillali ba shi da jari sai a yarda da bakinsa. Masu shanu suka fara janye dabbobinsu suna ba wasu. Kafin shekara biyu ya bar kara, ya koma noman 'yar gonarsa a fadama.

Hajji biyu suka wuce. A na uku na biya kujera, don abokan fataucina duk sun zama alhazai, ni kaɗai ake kira da sunana tsura, ba Alhaji. Na yi wa Inna tayi, amma a lokacin shanyewar ɓarin jiki ta riga ta taɓa ta, ba ta iya zuwa ko bayan gida sai an riƙe ta. Ta ce in je, Allah ya kiyaye.

Ina da agogon hannu mai kyau, na kuma duba shi da jirgi ya ɗaga, don har a lokacin ina so in dawo da lissafin da zan ƙara ba mutane dariya da shi. Ƙarfe takwas na safe muka tashi daga Sakkwato. Da tayoyin suka taɓa ƙasa a Jidda, agogona na cewa ɗaya saura kaɗan. Na ce, biyar, yadda dattijo ya faɗa. Muka shiga babbar rumfar da ake tantance alhazai, na ɗaga kai, sai ga agogon bango yana cewa ƙarfe uku. Na ce ya lalace. Na matsa gaba na ga wani, shi ma uku. Akwai wani malamin makaranta ɗan Dodoru a bayana cikin layi, na nuna masa, na ce ƙasar masu kuɗi amma agogonsu ba sa aiki.

Ya yi dariya ya ce, "Gyara naka, Alhaji. Nan gabas ne, rana na riga fito musu. Suna gabanmu da awa biyu."

Na ce, "In za mu koma fa?"

"Sai ka mai da shi baya da biyu."

Biyar da biyu bakwai. Biyar ba biyu uku. Ina tsaye cikin harami, zani ɗaya a ƙugu ɗaya a kafaɗa, ga dubban mutane suna ta talbiyya, ni kuwa na tsaya cak ina kallon agogon bangon, layi na tafiya ban bi ba. Malamin ya ɗauka zafi ne, ya kama ni ya zaunar da ni a kan jakata ya ba ni ruwa.

Duk abin da Buhari ya faɗa a tsakar gidanmu na riƙe shi, domin na ajiye ne in kama shi da shi. Da shi na yi amfani. Kwana biyu da isarmu Makka na nemi unguwar, na nemi mai shayi, mai shayi ya nuna mini shagon tela. Isiyaku dattijo ne siriri, yana kan keken ɗinki da tabarau a hanci. Na yi sallama, ya ɗago ya dube ni, ya tsayar da keken.

Ya ce, "Ba sai ka faɗi sunanka ba. Wuyansa ne a jikinka."

Ya ce Malam ya rasu wata tara da suka wuce. Ya jira mu hajji biyu. A na farko ya sa an ɗauke shi an zaunar da shi a bakin hanya kullum, duk ayarin da ya ji suna Hausa sai ya tambaya ko akwai 'yan Gwandu. A na biyu bai iya fita, Isiyaku ne ya riƙa zagaya masaukai. Ya ma samu wani mutumin wajenmu ya fara yi masa bayani, mutumin ya yi dariya ya ce wannan tatsuniyar Bakwai-da-Uku ce, har nan ta iso? Isiyaku bai gane abin da yake nufi ba, ya tambaye ni ko na sani. Na ce ban sani ba.

Ya nuna mini ɗakin, bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Kabari kuwa ba a sa alama a can, ya dai nuna mini maƙabartar daga nesa. Sannan ya jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin teburinsa. Mayafi ne shuɗi, wanda Malam ya sa aka saya tun a shekarar da ya ga Buhari, wai in Inna ta zo ya ba ta da hannunsa.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Kuskuren agogo kuskure ne na rashin sani, kowa na iya yinsa. Abin da na yi bayan na dawo, da sanina na yi shi. Mutane sun cika zauren nan suna yi mini barka, waɗanda suka yi dariya ran nan suna ciki. Wani ya ce, to Alhaji, kai a bakwai ka je ko a uku? Na ce a biyar, aka yi dariya. Wani ya ce ka nemi tsohon? Na ce na bincika, ba wanda ya san shi. Haka na shiga na gaya wa Inna, ban dubi idonta ba. Mayafin kuwa na cusa shi cikin tsaraba, tare da dabino da zamzam, na ce ga wanda na sayo mata.

Ta buɗe shi da hannunta mai lafiya, ta shimfiɗa a cinya. Inda aka ninke shi duk ya yi fari, layi-layi, irin na tufar da ta daɗe a ajiye. Ni da ba fatar da ke wuce ni, ban ko buɗe shi na duba ba. Ta bi layin da yatsa, ta kai shi hanci, ta daɗe.

Ta ce, "Wanga ya jima a ninke."

Na ce, "Haka 'yan kasuwarsu suke, sai su ba ka tsohon kaya."

Ta ce, "To."

Washegari A'i ta tare ni zan fita. Ta ce Inna ta sa an cire mata 'yan kunne, ta ƙi kwalli, ta ƙi turare, ta ce kada a ƙara fitar da ita zaure shan iska. Ta ce, Maigida, takaba fa take yi. Na ce tsufa ne. A'i ta dube ni yadda nake duban mahauta, ta wuce.

Na san a shari'a kwanakin takabarta sun riga sun wuce tun ina nan ina fatauci, ba abin da ke kanta. Amma wa zai gaya mata? In na buɗe baki na ce Inna ba sai kin yi ba, na amsa ke nan. Haka na zuba ido wata huɗu da kwana goma, ina shiga gaishe ta safe da yamma, tana amsawa, ba ta tambaye ni komai ba, ban ce mata komai ba. Ran da ta cika, ta sa A'i ta yi mata wanka, aka dafa abinci aka raba sadaka, maƙwabta na tambayar ta mene ce, ta ce ta Allah ce. Da na shiga da la'asar ta ce in zauna.

Ta ce, "Tsakanina da kai na bar wa Allah, na kuma yafe. Amma akwai wanda ba ni ke da ikon yafe nasa ba. Tafi Kalgo."

Na ce to, Inna.

Ban je ba. Kowane mako ina kasuwar Kalgo, gidan Buhari bai fi tafiyar minti goma daga inda nake ɗaure ƙirgi ba. Kullum sai in ce mako mai zuwa, in mutane sun ɗan manta. Sau ɗaya muka yi kiciɓis a tasha, yana ɗauke da buhun shinkafa a ka. Ya ce, Alhaji, an dawo lafiya? Ya tsaya yana kallona, yana jira. Ya san na hau jirgin, ya san na ga agogon. Na ce lafiya lau, na shiga mota. Inna ta rasu da damina ta gaba. Buhari kuma ya rasu bayan an ba mu jiha da 'yan shekaru, na je jana'izarsa na tsaya a sahun baya, ina jin wasu na tambayar wa ya rasu, ana ba su amsa da sunan da na raɗa masa.

Babban ɗansa na nan da rai a Kalgo, yana sayar da taki kusa da tasha. Ranar Juma'a mai zuwa ɗayanku zai ɗauke ni a mota ya kai ni, sauran ku biyo mu. Ba a cikin gida za a yi ba. A ƙofar gidansa za mu zauna, bayan an sauko daga masallaci, lokacin da mutane suka fi yawa, wanda ya fi ku murya ya karanta wannan daga farko har ƙarshe. In na ce a tsallake wani wuri, kada a saurare ni.